Tawada da Takarda: Gasar Spectrum da Commodore 64 a Ma'aunin Kafanchan

Gabatarwa

Mutanen garin da ya tashi a gindin tashar jirgin ƙasa ba su rasa ra'ayi a kan inji. Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a shekarar 1927, lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ya sadu da na Kaduna, wani reshe kuma ya hau dutse ya nufi Jos. Tun daga wannan zamani ake musu a rumfunan garin kan kayan ƙarfe: keken hawa na Raleigh ko Phoenix, keken ɗinki na Singer ko Butterfly, motar Peugeot ko Volkswagen. A irin wannan musu ba a daɗewa kan kyan fenti. Abin da ake tambaya shi ne nawa ne kuɗinsa, me yake ci, wa zai gyara shi idan ya tsaya, kuma zai iya hanyar Kwoi da damina?

Wannan maƙala za ta ɗauki wannan ma'auni ta auna wasu na'urori masu ƙwaƙwalwa guda biyu da suka fito a shekara ɗaya, wato 1982, suka kuma raba kan yaran makaranta a Ingila gida biyu har kusan shekara goma. Su ne ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair da Commodore 64 ta kamfanin Commodore. Turawa sun daɗe da yanke hukuncinsu, kuma sun yanke shi ne bisa wasanni da launi da kiɗa. Mu da muke koyar da harshe da adabi muna da wata tambaya da ba ta dame su ba: wacce daga cikin biyun za ta iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ, har rubutun ya kai ga takarda?

Mafarin Gasar

Clive Sinclair mutumin Ingila ne wanda ya yi suna wajen ƙanƙanta kayan lantarki da karya farashinsu. Ya yi ƙananan rediyo da kalkuleta, sannan a 1980 ya fito da ZX80, kwamfutar da kuɗinta bai kai fam 100 ba. Spectrum ta fito ranar 23 ga Afrilu, 1982, iri biyu: ƙarama a kan fam 125, babba a kan fam 175. Richard Altwasser ne ya tsara kayan cikinta, Rick Dickinson ya zana jikinta, masana'antar Timex da ke Dundee ta ƙasar Sukotilan kuma ta riƙa harhaɗa ta. Faɗinta bai fi na littafin karatu ba, nauyinta kuwa ya ɗan ɗara rabin kilo.

Jack Tramiel, mai kamfanin Commodore, Bayahuden Folan ne da ya tsira daga sansanin Auschwitz ya yi ƙaura zuwa Amurka. Abin da ya kamata mu lura da shi a tarihinsa shi ne da gyaran keken rubutu ya fara sana'a, kuma da keken rubutu kamfaninsa ya fara ciniki a shekarun 1950. A 1976 ya sayi kamfanin MOS Technology, masu ƙera ƙwayoyin lantarki, wato waɗannan ƙananan baƙaƙen abubuwa masu jerin ƙafafu da ake gani a cikin rediyo da kwamfuta. Wannan ciniki shi ne sirrin duk abin da ya biyo baya. An nuna Commodore 64 a bajekolin Las Vegas a watan Janairu na 1982, aka fara sayar da ita a watan Agusta a kan dala 595. Da ta isa Ingila, farashinta na farko ya ninka na babbar Spectrum.

Ke nan tun daga tushe hanyoyin biyu sun rabu. Tramiel yana da gonarsa, saboda haka yana iya cika tukunya da abin da ya noma, ya kuma rage farashi har abokan hamayya su gudu, kamar yadda kamfanin Texas Instruments ya bar kasuwar kwamfutar gida a ƙarshen 1983. Sinclair kuwa a kasuwa yake cefane, sai ya zama gwanin tsimi. Alal misali, wani ɓangare na ƙwaƙwalwar babbar Spectrum an haɗa shi ne da ƙwayoyin da rabinsu ya lalace tun a masana'anta, aka saye su da araha aka yi aiki da rabin da ke da lafiya.

Abin da ke Cikin Akwati

Kowace daga cikinsu tana da uwar ƙwaya mai sarrafa umarni. Ta Spectrum ita ce Z80A, mai bugu miliyan 3.5 a sakan ɗaya. Ta Commodore ita ce 6510, wadda ba ta cika bugu miliyan 1 ba a irin da aka sayar a Turai. Wanda ya tsaya a nan zai ce Spectrum ta ninka kishiyarta sau uku da rabi, amma lissafin bai tafi haka ba. Umarni mafi sauƙi yana cin bugu huɗu a wurin Z80A, alhali bugu biyu yake ci a wurin 6510. Mai gajeren taku da sauri ne da mai dogon taku a hankali. Duk da haka, a aikin da ke bukatar lissafi zalla, kamar zana sifa mai kusurwoyi tana juyawa, Spectrum takan riga isa.

Batun ƙwaƙwalwar aiki ma yana da irin wannan ruɗi. Ma'auninta shi ne bayit, wato gurbin da zai ɗauki harafi ɗaya, kuma bayit 1,024 ne kilobayit. Lambar 64 da ke sunan Commodore tana nufin kilobayit 64, babbar Spectrum kuwa 48 gare ta. Sai dai mai koyo da ya zauna zai rubuta shiri da harshen BASIC, wanda duka biyun suke farkawa da shi, zai tarar Commodore ta bar masa bayit 38,911 ne kacal, Spectrum kuwa ta bar masa fiye da 41,000. Sauran ƙwaƙwalwar Commodore tana nan, amma a ɓoye take, sai gwanin da ya iya yi wa inji magana da lambobinsa ne zai kai gare ta. Domin mu ji girman abin a jikinmu, bayit 41,000 ba zai wuce kalmomin Hausa dubu takwas ba. Gajeren labari ɗaya mai ɗan tsawo ya cika rumbun.

Launi da Sauti

A nan ne Commodore ta yi wa Spectrum nisa, kuma babu amfanin musu. Injiniyoyin MOS sun ƙera ƙwayoyi biyu na musamman a 1981, da niyyar yin na'urar wasa. Ɗaya ita ce VIC-II ta Al Charpentier, mai kula da hoto. Tana ba da ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, launi 16, da kuma 'yan siffofi takwas masu yawo da kansu a kan hoto ba tare da sun ɓata abin da ke bayansu ba. Ɗayar ita ce SID ta Bob Yannes, mai murya uku, kowace da irin amonta, har da matatar da ke tace sauti ya yi kauri ko ya yi siriri. Makaɗa irin su Rob Hubbard da Martin Galway sun yi suna ne da wannan ƙwaya, kuma har yau akwai masu neman ta don kiɗa.

Spectrum ta farko ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sautinta daga wata 'yar ƙaramar lasifika yake fitowa a cikin jikinta, murya ɗaya tal, kamar kukan gyare, kuma uwar ƙwayar ce da kanta take barin aikinta ta kaɗa shi. Sai a samfurin da ya fito a Sifen a 1985, mai kilobayit 128, aka sa mata ƙwayar sauti mai murya uku.

Hotonta kuwa darasi ne a kan tsimi. Ɗigo 256 ne a kwance da 192 a tsaye, jimla 49,152. Da an ba kowane ɗigo launinsa, da hoton kaɗai ya cinye rabin ƙwaƙwalwar ko fiye. Sai Altwasser ya raba fuskar talabijin gida-gida kamar gurabun dara, 32 a kwance da 24 a tsaye, gurbi 768, kowane gurbi ɗigo takwas sau takwas. Ya ce kowane gurbi launi biyu kawai zai ɗauka. Da wannan dabara hoton duka ya tsaya a bayit 6,912. Illar ita ce idan jarumin wasa mai jan kaya ya ratsa gaban koren itace, ko dai itacen ya yi ja ko jarumin ya yi kore, gurbi bayan gurbi. Wannan rikicin launi ya zama tambarin Spectrum, abin da magoya bayan Commodore suka fi yi mata dariya da shi. Gaskiya ita ce Commodore ma tana da irin wannan iyaka a hotonta mafi kaifi, siffofin nan takwas ne suke rufa mata asiri. Masu shirya wasanni na Spectrum kuwa suka koyi zama da talaucinsu: wasan Knight Lore na 1984 ya bar ɗaki guda da launi ɗaya, ya zuba ƙoƙarinsa a kan kaifin zane.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ɗalibin adabi ya yi murmushi a kansa. Sunayen da aka ba launuka biyun nan na kowane gurbi a harshen na'urar su ne INK da PAPER, ma'ana tawada da takarda. Na'urar da aka fi sani da wasa, a ƙasan ranta kallon shafin rubutu take yi wa talabijin.

Kuɗi, Kaset, Wuta da Ƙura

Yanzu sai mu sauko da su daga jirgi a tashar Kafanchan. Mu ƙaddara malami ne a kwalejin horon malamai ta garin, wadda aka kafa a 1977, ya je ƙaro ilimi Ingila zai dawo da ɗaya a akwatinsa.

Watan da Spectrum ta fito, wato Afrilun 1982, shi ne watan da gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu bayan faɗuwar farashin man fetur, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. Mafi ƙarancin albashi a dokar 1981 naira 125 ne a wata. A canjin gwamnati na lokacin dala ba ta kai naira ɗaya ba, fam kuwa ya ɗan ɗara ta, don haka babbar Spectrum ba ta kai albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci ba, Commodore kuwa ta haura na wata uku, kafin a yi maganar kayan haɗinta. Wannan ƙofa ba ta daɗe a buɗe ba. Daga Satumban 1986, da gwamnatin Ibrahim Babangida ta saki naira a kasuwar canji, dala ta kai wajen naira 4 cikin shekara guda.

Duka biyun ba su zo da gilashin kallo ba, da akwatin talabijin na gida ake haɗa su. A nan tarihinmu da Ingila ya yi wa malamin rana, domin ƙarfin wutarmu da tsarin launin talabijin ɗinmu, wato PAL, irin na can ne. Commodore da aka saya a Amurka kuwa wutar can take ci, tsarin launin can take bi, sai an nemo mata taransifoma, kuma ko an samu, launin ba zai fito daidai ba.

Wajen ajiye aiki, kaset ne abin dogaro. Spectrum tana karɓar kowace irin rikoda mai ramin abin sauraro, kuma a shekarun 1980 rikoda ba baƙuwa ba ce a gidajenmu: wadda aka ji Shata da ita da rana, ko wa'azi, ko waƙoƙin coci, ita za a jona da dare. Saurinta ya kai ninki huɗu ko biyar na Commodore, ta yadda babban shiri kan shiga cikin minti biyar. Aibinta shi ne sai an yi ta murɗa ƙarar rikodar kafin a dace, kuma idan an kuskure sai a koma farko. Commodore ba ta yarda da rikodar kowa ba sai tata, mai suna Datasette, wadda ake saye daban. Ba ta bukatar murɗe-murɗe, tana kuma rubuta komai sau biyu don gudun kuskure, amma jinkirinta ya yi yawa har sai da masu shirye-shirye suka ƙirƙiro dabarun hanzarta ta. A garin da NEPA kan ɗauke wuta ba sallama, kowane ƙarin minti na jira caca ne, domin da wuta ta ɗauke duk abin da ke ƙwaƙwalwar aiki ya tafi.

Mai kuɗi zai iya saya wa Commodore na'urar faifai mai lamba 1541, wadda ke ɗaukar kilobayit 170 a faifai ɗaya. Wannan babban fifiko ne ga marubuci, domin faifai yana kai mutum kan shafin da yake nema kai tsaye, kaset kuwa sai an bi shi daga farko. Amma kuɗinta ya yi kusa da na kwamfutar kanta, tana zafi, kanta mai karatu yana gocewa daga saiti, kuma faifan nan masu laushi ba su shiri da ƙurar hunturu ko laimar damina irin ta gindin duwatsun Kagoro. Abin da Sinclair ya kawo a madadin faifai a 1983, wato Microdrive, siririn zaren kaset ne mai zagaye, kuma bai yi sunan aminci ba.

Kowace tana da inda wuta ke cin ta. Spectrum ba ta da ko makunni, sai dai a zare waya, kuma jikinta yana ɗaukar zafi. Commodore tana da tubalin wuta da aka cike cikinsa da ƙaro aka toshe, ba ya buɗuwa balle a gyara, kuma idan ya tsufa yakan tura wuta fiye da kima ya ƙone ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Mai gyaran rediyo a kasuwa zai fi gane cikin Spectrum saboda ƙarancin kayanta, ko da yake ita ma tana da ƙwaya guda ta musamman, ƙirar kamfanin Ferranti, wadda idan ta mutu sai an aika Ingila.

Inda Spectrum ta faɗi warwas shi ne madannai. Guda 40 ne, na roba mai laushi irin na kalkuleta, kowane yana ɗauke da aiki har biyar ko shida, kuma babu dogon madannin tazara a ƙasa. Wanda ya koyi bugun keken rubutu da yatsu goma ba zai ji daɗinta ba ko kaɗan. Commodore tana da madannai 66 na sosai, jikan keken rubutun Tramiel. Layinta yana ɗaukar harafi 40, na Spectrum 32, ko da yake shirin rubutu na Tasword Two ya matse haruffan har 64 a layi, masu wahalar karantawa a talabijin.

Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Tun shekarun 1930, zamanin R. M. East da Hukumar Talifi a Zariya, rubutun boko ya zauna da ɓ da ɗ da ƙ. Ba ado ba ne. Lanƙwasar ce ta raba kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka, baki da baƙi. A kudancin Kaduna matsalar ta fi haka faɗi, domin ɗalibin da ke karanta Hausa a aji yana iya kasancewa mai Tyap ne daga Zangon Kataf ko mai Jju daga Zonkwa, kuma rubutun waɗannan harsuna yana amfani da wasali mai ja-layi a ƙasa, kamar a̱. Ba Sinclair ba Tramiel, babu wanda ya san da wannan. Commodore ta sami wurin sa alamomin karta a madannanta, zuciya da sauransu, ta kuma yi samfuri na musamman mai haruffan Suwidin. Spectrum ta Sifen ta zo da harafinsu mai igiya a ka. Larabawa ma sun sami tasu, Sakhr, daga kamfanin Al Alamiah na Kuwaiti. Kasuwa ce ke saya wa harshe gurbi a cikin inji, mu kuwa a lokacin ba mu kai a ƙirga mu ba.

Abin da ya rage shi ne mutum ya zana baƙaƙensa da hannunsa, kuma duka na'urorin sun yarda da haka, sai dai ba da sauƙi ɗaya ba.

A Spectrum an ware gurabu 21 musamman don mai na'ura ya zana abin da ya ga dama, an jera su a kan madannan A zuwa U. Kowane harafi layi takwas ne na ɗigo, kowane layi lamba ɗaya. Harshen BASIC nata ma ya tanadi kalmar BIN, wadda ke ba mutum damar rubuta layin da sifiri da ɗaya, yana ganin siffar harafin tana fitowa a idonsa tun kafin ya gama. Baƙaƙenmu uku, manya da ƙanana, siffa shida ce, wato lamba 48. Aikin yamma ɗaya ne ga ɗalibi mai takardar lissafi mai gida-gida. An kuma yi sa'a B da D da K duk suna cikin A zuwa U, don haka siffa ɗaya ta kowane harafi za ta zauna a madanninsa na asali. Y ce ta faɗa waje, sai 'yan'uwanmu na Nijar masu rubuta ƴ su nema mata aro. Mai Tyap kuwa layin ƙasa na gurbin ya ishe shi ya ja wa a layinta.

Zanen kansa yana da 'yar wahala. Sandar d tana tsaye ne a gefen dama na gurbi, lanƙwasar ɗ kuma dama take nufa, saboda haka sai an janye harafin duka zuwa hagu da ɗigo ɗaya ko biyu. Siririn rubutun Spectrum, mai kaurin ɗigo ɗaya, yana barin wannan fili. Haruffan Commodore an yi sandunansu da kaurin ɗigo biyu don su fito sosai a talabijin, sai gurbin ya cika, lanƙwasar ta zama ɗan ƙulli da ido zai iya tsallakewa.

Commodore tana ba da damar sauya haruffa 256 gaba ɗaya, amma hanyar tana da tsawo. Harshen BASIC da aka sa mata, wanda aka saya daga Microsoft tun zamanin tsohuwar na'urarsu ta PET, ba shi da kalma ko ɗaya ta zane ko ta sauti. Duk wannan dukiya ta VIC-II da SID sai ta hanyar umarnin POKE ake taɓa ta, wato cusa lamba a wani gurbi mai lamba. Mai son ƙ sai ya dakatar da sauraron madannai, ya kwafe bayit 2,048 na haruffa daga ƙwaƙwalwar dindindin zuwa ta aiki, ya shaida wa ƙwayar hoto sabon mazauninsu, ya kare wurin kada shirinsa ya hau kai, sannan ya fara zane. Kuskuren lamba ɗaya yana iya daskarar da na'urar. A wannan fage, a ganinmu, 'yar talakar ta fi ta mai kuɗin kusa da malamin harshe nesa ba kusa ba.

Sai dai kada mu yi saurin murna. Abin da aka zana hoto ne, na'urar ba ta san harafi ba ne. Lambobin gurabun nan 21 suna bayan na z, don haka idan aka ce ta jera kalmomi bi da bi don ƙaramin ƙamus, ƙasa da ɗaki da ɓera duk za su taru a ƙarshe bayan zuma. Haka kuma zanen yana zaune ne a ƙwaƙwalwar aiki, kullum sai an sake loda shi. Idan aka kai rubutun wata Spectrum da ba a loda mata ba, gurabun suna komawa siffarsu ta asali, wato manyan haruffan Turanci, sai ɓari ya fito Bari, ƙafa ta fito Kafa.

Daga Gilashi Zuwa Takarda

Marubuci ba ya gama aiki sai rubutu ya hau takarda, kuma a nan ne duka biyun suka gaza, kowace ta hanyarta. Firintar Sinclair, ZX Printer, tana buga duk abin da ke fuskar talabijin ɗigo bayan ɗigo, don haka ƙ ɗinmu tana fitowa yadda aka zana ta. Amma takardarta wata siririya ce mai faɗin inci huɗu, an shafe ta da sanholo, tartsatsin wuta ne ke ƙona rubutun a kai. Ta fi kama da rasit. Ba a kai wa maɗaba'a irinta, ba a raba wa ɗalibai, kuma idan ta ƙare babu mai sayar da ita a kantin littattafai.

Firintocin Commodore masu araha, irin su MPS-801, suna buga takarda ta sosai da ƙyallen tawada, amma haruffansu a cikin nasu ƙwaƙwalwar suke. Abin da aka sha wahala aka zana a gilashi bai shafe su ba, sai an sake tura shi a matsayin zane. Ko wutsiyar g da y ba sa saukar da ita ƙasan layi yadda ya kamata. Firintar Epson FX-80 ta 1983 tana karɓar haruffan da mutum ya zana, amma kuɗinta ya fi na kwamfutar. Sai a 1986, da tsarin GEOS na kamfanin Berkeley Softworks ya fito, Commodore ta sami hanyar buga shafi yadda yake a gilashi da kowane irin harafi, muddin akwai na'urar faifai. A shekarar ce kuwa naira ta faɗi.

Saboda haka rubutun Hausa na waɗannan shekaru a kan keken rubutu da injin gurza takarda ya ci gaba da tafiya, ana bin lanƙwasa da biro bayan an gama bugu, ko a bar ta gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a yawancin littattafan da suka fito daga kasuwar Kano. Ƙoƙarin hukuma ma a kan keken rubutu ya tsaya: Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta nemi haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya bisa shawarar Kay Williamson, har mashahurin mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin a tsakiyar shekarun 1980.

Su kansu masu gasar ba su daɗe ba. Tramiel ya bar Commodore a Janairun 1984 ya sayi sashen kayan gida na Atari. Sinclair ya sayar da sashen kwamfutarsa ga kamfanin Amstrad a Afrilun 1986 a kan fam miliyan 5. An daina ƙera Spectrum a 1992 bayan an sayar da fiye da miliyan 5, ban da kwaikwayonta da aka yi ta haɗawa a Tarayyar Sobiyat da Barazil, inda sauƙin cikinta ya sa masu ƙaramin ƙarfi suka iya ƙera tasu. Commodore 64 ta kai 1994, shekarar da kamfanin ya karye, kuma ƙiyasin abin da aka sayar ya kama daga miliyan 12.5 zuwa 17.

Maganin matsalar baƙaƙenmu daga wani wuri ya zo, wato tsarin Unicode da ya fara fitowa a 1991, wanda ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne lambarsa ta dindindin da kowace na'ura za ta gane. A kansa ne harshen Tyap ya sami nasa Wikipedia a 2022. Amma a̱ ba ta sami lamba guda ba. A Unicode guntu biyu ce, a da kuma layin da ake liƙa mata, kamar dai yadda mai keken rubutu yake buga harafin ya koma baya ya ja layi, kuma shi ya sa a wasu wayoyin layin kan goce gefe. A gurbin Spectrum mai ɗigo takwas sau takwas, harafi ɗaya ce mai lamba takwas, ta ƙarshen ita ce layin.